Fom ɗin Bureaucracy na DokuWiki: abin da muka gani wajen ɗora hotunan tsofaffin takardu a Sakkwato

Mu bakwai ne muka haɗu a kan wannan aiki, yawancinmu malaman makaranta ne da ɗalibai, kuma abin da ya haɗa mu shi ne tsofaffin takardun da ke ajiye a gidajen cikin birnin Sakkwato da garuruwan da ke kewaye da shi, irin su Wurno da Boɗinga da Gwadabawa. Duk wanda ya tashi a unguwannin da ke kusa da Hubbare ko Masallacin Shehu ya san cewa rubutun magabata bai ƙare a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ba. Akwai gafaka da tadarishi masu yawa a cikin adaka da akwatunan ƙarfe, ɗauke da wasiƙu da waƙoƙin wa'azi na ajami cikin Hausa da Fulfulde da kwafin littattafan fiƙihu da nahawu, waɗanda gara da zafin bazara da damshin damina ke ci a hankali. Masu su ba sa yarda a fita da su daga gida, kuma suna da gaskiya, domin da yawa sun ba da aro a baya ba su sake gani ba. Saboda haka muka tsayar da shawara cewa za a ɗauki hoton kowace warƙa a gaban mai ita, a rubuta bayaninta, a tara komai wuri guda inda dukkanmu za mu iya dubawa da gyarawa.

Ni aka ɗora wa nauyin samar da wannan wurin, na kuma zaɓi DokuWiki, manhajar wiki, wato shafukan intanet da mutane da yawa ke iya rubutawa da gyarawa tare, wadda wani Bajamushe, Andreas Gohr, ya fara a shekarar 2004. Kyauta ake samunta, kuma babban abin da ya ja ni gare ta shi ne ba ta buƙatar rumbun bayanai na dabam: kowane shafi fayil ne na rubutu zalla, hotuna kuwa suna zaune a folda guda, ta yadda idan ana son ajiyar kariya sai a kwafe foldar a faifai a saka a aljihu. Matsalar da ta taso tun a makon farko ita ce abokan aikina ba su da lokacin koyon alamomin rubutun wiki, kuma kowa ya tsara shafinsa yadda ya ga dama, wani ya fara da sunan marubuci, wani da sunan unguwa, wani ya manta adadin warƙoƙi gaba ɗaya. A nan ne na girka ƙarin manhajar da ake kira Bureaucracy, wadda aikinta shi ne ƙirƙirar fom a cikin shafin wiki. Bayan wata takwas muna aiki da ita, ga abin da na gani, musamman a ɓangaren ɗora fayil, wanda shi ne zuciyar aikinmu.

Zan fara da abin da ya burge ni, domin haƙƙinta ne a faɗa. Rubuta fom da Bureaucracy ba ya buƙatar mutum ya iya shirya manhaja. Layi-layi ake rubutawa, kowane layi gurbi ɗaya: nau'in gurbin, sannan sunan da mai cikawa zai gani. Akwai gurbin gajeren rubutu da na dogon bayani, da na lamba, da na kwanan wata, da na zaɓi daga jeri, da na e ko a'a, da kuma na fayil. Idan aka sa alamar motsin rai a ƙarshen layi, cika gurbin bai zama dole ba. A saman fom ɗin ake faɗin abin da za a yi da bayanan, ko dai a aika su ta imel, inda fayil ɗin zai tafi a maƙale da saƙon, ko kuma a zuba su a cikin samfurin shafi a ƙirƙiri sabon shafi. Hanya ta biyun muka bi. A cikin samfurin ana rubuta sunan gurbi tsakanin alamomin @@ a gaba da baya, manhajar kuma ta maye gurbinsa da abin da aka cika. Cikin yini guda na gama fom ɗinmu, kuma duk sunayen guraben da Hausa na rubuta su: harshen rubutu, adadin warƙoƙi, farkon baiti, halin da takardar ke ciki, hoton warƙar farko. Har saƙon godiya da ke fitowa bayan an aika, mu muka tsara shi da bakinmu.

Amfanin wannan ya bayyana gare ni ne ranar da na zauna a zauren wani dattijo a wajen Ƙofar Marke, malami ne da ya haura shekara saba'in, wanda ya fi kowa a cikinmu iya karanta tsohon ajami amma bai taɓa buɗe shafin wiki ba. Na miƙa masa waya, ya ɗora tabarau, ya karanta guraben ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce ai wannan ba ta da bambanci da takardar da ake cikawa a ofis. Da kansa ya cika, yana gyara mini inda na sa Larabci alhali baitocin na Fulfulde ne. Manhajar da ta sa irin wannan mutum ya shigar da iliminsa da hannunsa, ba tare da ya jira yaro ya rubuta masa ba, ta yi abin da ya cancanci yabo.

A wannan zaman kuma na fara cin karo da rauninta. Malam ya zaɓi hotunan warƙoƙin, ya danna maɓallin aikawa, muka yi ta jira, sai shafin ya dawo da fom ɗin babu komai a ciki, babu godiya, babu gargaɗi, babu sabon shafi. Ya dube ni ya ce, "Mi yah hwaru? Ina rubutun nan ya tahi?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a ba ni zuwa gobe in bincika." Abin da na gano daga baya ya kamata duk mai niyyar amfani da wannan ƙari ya san shi tun kafin ya fara. DokuWiki da harshen PHP aka rubuta ta, shi kuwa PHP yana zuwa da iyakoki biyu a kan abin da ake aikowa. Na farko shi ne upload_max_filesize, wanda ke ƙayyade girman fayil guda, kuma asalin saitinsa megabayit 2 ne kawai. Na biyu shi ne post_max_size, wanda ke ƙayyade nauyin duk abin da fom ya ɗauko a haɗe, asalinsa megabayit 8. Idan fayil ya wuce iyaka ta farko kaɗai, sauran bayanan suna isa, manhaja kuma tana iya gane cewa fayil ɗin bai shigo ba. Amma idan kayan suka wuce iyaka ta biyu, PHP yana zubar da komai tun kafin wiki ta gani, har rubutun da aka cika, shi ya sa shafin ke dawowa kamar ba a taɓa shi ba. Fom ɗinmu yana da gurbin hoto uku a lokacin, kowane hoto daga wayar kuwa ya kai megabayit huɗu zuwa biyar, don haka mun tsallake iyakar ba tare da mun sani ba.

Gyaran ba a cikin wiki yake ba, a kan sabar yake, wato kwamfutar da wiki ɗin ke zaune a kanta. Kamfanin da muke hayar sabar a wurinsa bai ba mu damar taɓa saitin da kanmu ba, sai da na rubuta musu sau uku kafin a ɗaga iyakokin. Wanda sabarsa ke aiki da nginx, wata manhajar da ke miƙa shafuka ga masu buɗe su, yana da shinge na uku, domin asalin saitinsa ba ya karɓar abin da ya wuce megabayit 1, kuma yana mayar da kuskure mai lamba 413. Ba na ɗora wa Bureaucracy laifin waɗannan iyakoki, tunda ba ita ta kafa su ba. Abin da nake ganin ta gaza a kai shi ne, a sigar da muka yi aiki da ita, fom ɗin ba ya faɗa wa mai cikawa girman da aka yarda da shi, kuma ba ya auna fayil ɗin a wayar mutum kafin ya fara turawa. A wurin da data ke da tsada, barin mutum ya ƙona megabayit goma sha biyar kafin ya gane ba za a karɓa ba asara ce ta gaske. Dole na rubuta iyakar da hannuna a saman fom ɗin da manyan baƙaƙe.

Akwai wani abu mai kama da wannan da ya fi ɓata wa abokan aikina rai, ko da yake tushensa a burauza yake. Idan mutum ya manta cika wani gurbi na dole, fom ɗin yana dawowa da gargaɗi, rubutun da ya yi yana nan, amma fayil ɗin da ya zaɓa ya fice. Dalili kuwa shi ne burauza ba ta yarda wani shafi ya cika gurbin fayil da kansa, saboda da an yarda da haka, da mugun shafi zai iya ɗauke takardun mutum daga na'urarsa ba da saninsa ba. Ƙa'idar tana da kyau, sai dai sakamakonta shi ne hoton da ya riga ya hau ya tafi a banza, sai an sake zaɓa an sake turawa. Wasu manhajoji suna magance wannan ta hanyar riƙe fayil ɗin na ɗan lokaci a sabar, Bureaucracy ba ta yi mana haka ba. Abin da na yi shi ne rage guraben dole zuwa uku, na kuma mayar da gurbin hoto ƙarshen fom, don mutum ya gama duba rubutunsa kafin ya kai gare shi.

Batun sunayen fayiloli ya fi komai cin lokacina, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ƙarin yana ajiye fayil da sunan da ya zo da shi daga wayar mai aikowa, bayan DokuWiki ta tsabtace sunan: manyan baƙaƙe su koma ƙanana, sarari da alamomi su koma layin ƙasa. Idan kuma akwai fayil mai wannan sunan a wannan rukunin, wato foldar wiki da ake ajiye shi a ciki, ba ya danne shi, yana ƙin karɓar sabon. Wannan hukunci daidai ne, domin gara a ƙi karɓa da a shafe hoton wata warƙa da ba lallai a sake samun damar ɗaukarta ba. Amma a duba yadda hotuna ke yawo a tsakaninmu. Mafi yawansu ta WhatsApp suke bi, shi kuwa yana sa musu suna iri ɗaya a kowace wayar Android: IMG, da kwanan wata, da WA, da lamba mai farawa daga sifiri. Mutum biyu da suka karɓi hotuna a rana guda, ɗaya a Mabera ɗaya a Runjin Sambo, za su iya samun suna iri ɗaya a kan warƙoƙi dabam-dabam. Haka na'urar sikanin shagon da ke kusa da mu take kiran fayil ɗin farko na kowane abokin ciniki da suna guda. Na biyun da ya zo ɗorawa sai ya ga saƙon kuskure da Turanci, ya ɗauka wani ya riga shi shigar da takardar, ya haƙura ya tafi. Sau biyu haka ta faru kafin in lura. Maganin da ya yi mana aiki shi ne amfani da gurbin lamba mai ƙaruwa da kansa, wanda ƙarin ke da shi, muka sa kowace takarda ta samu rukuninta na kanta bisa lambarta, hotunanta kuma su sauka a cikinsa. Tun daga nan sunaye ba su sake karo ba.

Zan ƙara da gargaɗi a kan WhatsApp ɗin kansa, ko da yake ba laifin wiki ba ne: idan aka tura hoto a matsayin hoto, yana matse shi, kuma wasulla da ɗigon da ke bambanta baƙaƙen ajami su ne farkon abin da ke dusashewa. A tura shi a matsayin takarda, ko a ɗora kai tsaye daga wayar da ta ɗauka.

Sunayen Larabci suna da tasu matsalar. Wani daga cikinmu, saboda kyakkyawar niyya, ya riƙa sa wa fayiloli cikakken sunan littafi da haruffan Larabci. Bisa asalin saitinta, DokuWiki tana mayar da duk harafin da ba na Turanci ba zuwa lambobi masu alamar kashi cikin ɗari idan za ta ajiye shi a faifai, kuma kowane harafin Larabci yana komawa alamomi shida. Yawancin sabobi ba sa karɓar sunan fayil da ya wuce bayit 255, ke nan suna mai haruffa arba'in da 'yan kai ya riga ya cika ma'aunin, sunayen littattafan malamanmu kuwa an san su da tsawo da saja'i. Akwai saitin da ake kira fnencode wanda ke sauya wannan tsari, amma a farkon kafa wiki ya kamata a tsayar da shi, domin sauya shi bayan an tara fayiloli na iya sa tsofaffin su ɓace wa manhajar. Mu dai mun yanke cewa sunan littafi yana cikin shafi, sunan fayil kuwa lamba ce kawai.

Ta fuskar tsaro ban sami abin kushewa ba. Ƙarin ba ya buɗe wata ƙofar baya, ta hanyar da DokuWiki ke karɓar kowane fayil yake bi. Akwai jerin nau'o'in da aka yarda da su a fayil ɗin mime.conf, kuma shafukan HTML a rufe suke tun asali saboda ana iya ɓoye mugun umarni a cikinsu. Na gwada sauya wa wata takarda suna zuwa jpg don in gani, aka ƙi karɓa, domin manhajar tana duba cikin fayil ɗin ba sunansa kaɗai ba. Jerin da ya zo da namu bai ƙunshi tif ba, wanda masu adana takardu suka fi so saboda ba ya rage ingancin hoto, haka ma saƙon murya na WhatsApp mai ƙarshen opus, wanda muke buƙata don adana yadda dattawa ke rera baitocin. Ƙara su layi biyu ne a fayil ɗin mime.local.conf, inda sabunta manhaja ba zai goge su ba. Izini kuma hawa-hawa ne: karatu, gyara, ƙirƙira, ɗorawa, gogewa, kuma wanda bai kai matakin ɗorawa a rukunin ba, fom ba zai ɗora masa ba. Akwai saitin runas da ke sa fom ya yi aiki da izinin wani asusu na musamman, ta yadda wanda ba shi da ikon gyara shafi zai iya aiko da takarda. Yana da amfani, amma duk wanda ya kunna shi a fom ɗin da kowa ke iya gani ya buɗe faifansa ga duniya, sai ya haɗa shi da ƙarin CAPTCHA, mai tantance mutum daga na'ura, ko ya rufe shafin fom ɗin ga baƙi. Mun zaɓi rufewa.

Abu guda da manhajar ba ta yi, wanda kuma ya shafi amanar da aka ba mu, shi ne cire bayanan da ke ɓoye a cikin hoto. Waya tana iya rubuta ainihin wurin da aka ɗauki hoto a cikin fayil ɗin idan an kunna mata wannan, wiki kuma tana ajiye fayil ɗin yadda ya zo. Gidan da ke da tsohuwar takarda mai daraja ba ya son kowa ya san ƙofarsa, kuma mun yi wa masu su alkawarin sakaya su. Yanzu ba wanda ke ɗaukar hoto a cikinmu sai ya kashe sa alamar wuri a kyamararsa, ni ma ina sake dubawa kafin a buɗe shafi ga wasu.

Inda Bureaucracy ta kasa ɗaukar nauyinmu gaba ɗaya shi ne yawa. A sigar da muke da ita gurbi ɗaya fayil ɗaya yake karɓa, ba ta nuna ko kashi nawa ya hau, kuma idan sabis ya yanke a tsakiya, sai a koma farko. Littafi mai warƙa 40 yana da fuska 80, idan kowace ta kai megabayit 4 an tashi da megabayit 320, ba kuwa mai hankalin da zai jera gurbi tamanin a fom guda ya tura su ta waya a kan hanyar Wurno. Ga kuma cewa littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, warƙoƙi ne a sake, kalmar da marubuci ya sa a ƙasan shafi ce ke nuna wadda ke biye, don haka jerin hotunan ma ilimi ne da bai kamata ya rikice ba. Manajan fayiloli na DokuWiki kansa ya fi fom ɗin ƙarfi a nan, domin yana karɓar fayiloli da yawa a lokaci guda, kuma tun 2012 yana adana tsohon kwafi idan aka maye gurbin hoto, sai dai ya fi wahalar koyo ga wanda bai saba ba.

Hukuncina shi ne ƙarin ya dace da ƙungiya ko makaranta ko ofishin da ke son karɓar takarda ɗaya ko biyu tare da bayani mai tsari, kamar shaidar karatu ko rasit ko hoton warƙar farko, muddin akwai mutum ɗaya a cikinsu da zai iya taɓa saitin sabar kuma ya gwada fom ɗin da babban fayil, da fayil mai maimaita suna, da raunin sabis, kafin ya miƙa shi ga jama'a. Wanda ba shi da irin wannan mutum zai sha wahalar da ba zai gane tushenta ba. Wanda kuma ke neman ma'ajiyar dubban hotuna, ya nemi manhajar da aka gina don adana kayan tarihi.

Tsarin da muka tsaya a kai yanzu shi ne fom yana karɓar bayanin takarda da hoto ɗaya tak, na warƙar farko, wanda ya isa a gane ta a kuma ba ta lamba. Sauran hotunan ana kawo mini su a katin waya ko filashi ranar Asabar, in jera su bisa lambar warƙa a kwamfuta, in tura su rukuninsu da dare lokacin da sabis ya fi ƙarfi. Malamin Ƙofar Marke ya koma cika fom ɗin da kansa, kuma a makon jiya ya aiko da saƙo cewa a ƙara masa gurbi na rubuta sunan wanda ya kwafi littafi dabam da na wanda ya wallafa shi, domin a yawancin takardun gidansa mutum biyu ne. Layi ɗaya na ƙara a fom, ɗaya a samfurin shafi, kafin la'asar ya shigar da takarda huɗu da sabon gurbin.